Rufin Karafan Ɗinka, Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba. Bayan gaisuwar ban girma irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka na Baƙi'a, nan Madina. Ni ce Asabe. Na san saƙo ba ya isa inda kake, amma mutanen unguwa sun riga sun yayata labarin karafan ɗinka, kowa da irin gishirin da ya ƙara, shi ya sa na ga gara ka ji daga bakin 'yar gida.

Masu karatu tare da kai ba duka suka san ta ba, sai ka yi haƙuri in gabatar da ita. Mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da ɗan madafi, ka saya a hannun wani Bature da ya gama aiki a Yanbu zai koma ƙasarsu. Ranar da ka shigo da ita unguwarmu, Harra ta Gabas, sai da ta kankare bangon maƙwabta kafin ta sami wurin tsayawa. Ka ce da ita za ka kai mu Kano, ta hanyar da kakanmu ya biyo da ƙafa. "Baɗi war haka muna can," haka kake cewa duk shekara. Iyakar tafiyarta dai Ranuna, wajen gonakin dabino, a dawowa ma turo ta aka yi.

Daga nan ta zama zaurenka. Kullum bayan la'asar kai da Umma kuna ciki da shayi da na'ana'a, rediyo na ta ƙara, kuna musu a kan abin da ya wuce tun kafin a haife ni.

Rufinta na roba ne. Wataƙila a ƙasar Baturen roba na daɗewa, amma ranar Madina ba ta san wannan ba. Ta gasa shi har ya tsattsage, kai kuma ka ƙi kiran kowa. Ka liƙa tsohon tib na taya, ka shafa kwalta, ka ɗora bulo a kan abin da ya ƙi kamawa. Ba ka taɓa yarda tana yoyo ba. Cewa kake gumi take yi.

Bayan rasuwarka Umma ba ta fasa zaman la'asar ba. Takan haɗa shayin ta shiga ita kaɗai, mu kuma muka koyi kawar da kai. Da sanyin bana aka yi ruwa irin wanda ke fitar da kowa titi ana murna ana ɗaga hannu sama, ita kuwa muka same ta a ciki ta jera tukwane da kwanoni, har da tiren shayin. Ba a jima ba baladiya, wato hukumar gari, ta liƙa wa karafan ɗin takardar gargaɗi a gilashi, wai motar da aka yasar ce.

Yaya Abdullahi, babban ɗanka, ka san shi da son a gama magana a tashi. Ya ce a kai ta tashlih, inda ake farfasa tsofaffin motoci. Ba mugunta ba ce, tsoro yake kada rufin ya rufto wa Umma a ka. Ita kuwa ba ta yi musu ba, ta dai ci gaba da shiga da shayinta kullum la'asar. A ƙarshe aka daidaita a kan za a gyara sau ɗaya. In ta sake ɗigo, ko na ƙwayar gero ne, sai tashlih.

Wanda aka kira shi ne Usta Jibrin, abokinka na masallaci, mutumin Chadi, mai fesa kumfa a rufin gidaje da tankunan ruwa. Na tambaye shi ko ya taɓa yin mota. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce ai rufi duk rufi ne.

Ranar farko ya ɓare robar. Baba, da ka ga abin da ya fito! Tib a kan tib, guntun tabarmar roba, murfin gwangwanin man shanu da ka fasa ka miƙe, har da silifas ɗin Umma da ta yi ta nema tana zargin kuliyoyin unguwa. Usta yana ciro abu yana cewa Allah ya jiƙan Alhaji, yana kuma dariya har da riƙe ciki. Na ji kewarka a wannan ranar fiye da yadda zan iya faɗa.

Washegari ya zo da injinsa da mesa ya hau. Kumfar na sauka tana kumbura kamar ƙullun fanke, shi kuma hannunsa ya saba da soron gida, duk abin da ya gani a sama fesa shi yake. Ya rufe tagar sama. Ya rufe kafar fitar hayaƙi. Ya binne na'urar sanyi gaba ɗaya, ta zama wani ɗan tudu. Iska ta kwashi sauran ta kai kan shanyar Hajiya Ta-Sudan maƙwabciyarmu, wadda har yau ba ta cika amsa gaisuwata ba. Da ya gama ya bi da farin fenti, ya kuma sa mata indararo a gefe, domin a cewarsa ba a barin rufi babu indararo.

Muna tsammanin an gama, ashe saura gwaji. A garin da ruwa ke zuwa lokacin da ya ga dama, ba wanda ke jiran hadari. Ka san yadda suke yi a gidaje, a toshe indararo a cika rufin da ruwa a bar shi ya kwanta, in bai sauko ba aiki ya yi. Usta ya ce bai san wata hanya ba, ba kuma zai fara koyo da furfura ba. Ya fesa ɗan gefe kewaye da rufin kamar bakin faranti, ya cusa tsumma a indararon, ya aika aka kira motar ruwa.

Rabin unguwa ta fito kallo. Yaya yana tsaye da sabuwar wayarsa, jawwal kamar yadda ake ce mata a nan, a hannu, na kuma san lambar mai tashlih na ciki. Sai ga Umma ta fito da mayafinta da carbi, ta ce ita za ta zauna a ciki ta duba, tunda ita ta fi kowa sanin inda take zuba. Kafin wani ya buɗe baki ta shige ta ja ƙofa, muka ji ƙarar sakata.

Aka saki ruwa. Karafan ta yi nishi, tayoyinta suka lotsa, tattabaru suka fara sauka suna sha. Usta yana ta kai da kawo yana jan salati. Ni kuwa na san abin da za a ɗauke wa Umma idan aka ɗauke wannan gwangwanin.

Sai da aka kira azahar ta buɗe. Mayafinta ya jiƙe sharkaf, hannun rigarta na ɗiga, ruwa har a gira. Kowa ya gani. Yaya ya tambaye ta, da Larabci kamar yadda ya saba, ko rufin ya zuba. Ta kalle shi ido cikin ido ta amsa da Hausa: "Alwala na yi."

Yaya ya dubi jiƙaƙƙen mayafin, Baba. Sannan ya sa jawwal ɗin a aljihu, ya sumbaci kanta, ya ce khalas, karafan ta zauna. Da kansa ya je baladiya ya kashe maganar takardar. Bayan kwana biyu na hange shi a gefen motar da bututun gam, yana toshe saman taga yana waige-waige kada a gan shi.

Daga baya na tsokani Umma, na ce yanzu da girmanta. Ta ce ita ba ta yi ƙarya ba. Da ta ga ruwan na gangarowa ta saman tagar, sai ta tara hannu ta yi niyya ta yi alwalarta da shi cikakkiya, har da shafar kai. Ta ce sallar da ta yi da ita kai ta yi wa addu'a a sujadar ƙarshe.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya sanyaya shi. Allah ya ƙara wa Umma lafiya da nisan kwana, ya haɗa mu da kai a gidan aminci.

'Yarka mai kewarka,
Asabe