Hoton Kan Inna

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Yaya sanyin Ingila da karatu? Yaya Anti Binta da yara? Mu nan Kura lafiya, ana ta ɗiban tumatir.

Ciwon kan Inna ya matsa, har aka tura mu babban asibiti a kudu a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Da ta ji an ce hoto, sai ta ci ado, ta sa 'yan kunnen da ka aiko. Likita ya ce a cire, ƙarfe yana ɓata hoton. Aka yi mata allura, aka ce kada ta motsa. Na farko ya lalace, don ta yi ta juyowa tana murmushi. Sai da na ce kai za a aika wa, sannan ta kwanta shiru.

Alhamdulillahi, ba a ga ƙari ba. Da ta ga hoton, ba fuska, sai ɗigo-ɗigo, ta ce, "Aika masa haka. Ai shi ne a ciki."

Shekara huɗu fa, Yaya. Ka sa ta a addu'a, ka gaida kowa. Yaushe za ka zo?

Ƙanwarka,
Hadiza