Musun Kiɗa a Gaban Suruki

Clara, sanyin idanuna, ruwan randa a tsakar rana, furen da ya ƙi jin maganar hunturu ya fito abinsa, abar ƙaunata wadda ta daina ɗaga wayata,

Ina gaishe ki daga Whalley Range a nan Manchester, inda ake ruwa kamar kullum kuma ba wanda ya damu. Lafiyata ƙalau. Ina cin abinci, ina zuwa aiki a 'yan ranakun da aka bar mana laburaren a buɗe, ina gaisawa da mutane kamar mai hankali. Ke kaɗai na rasa, sai kuma na tarar ashe ke ce abin duka. Tunda kin rufe mini hanyar waya, na biyo ta gidan waya, don takarda ba ta da maɓallin kashewa.

Kin tuna yammacin da muka fito daga taron matasan coci a Ladywood, can garinku Birmingham, muka bi bakin ruwan nan da ƙananan jirage ke wucewa? Ranar ni na kaɗa jita a sujada, ina ta baza kunne in ji yabo, sai kika dube ni kika ce, “Kana kaɗawa kamar wanda landlord ya kora daga flat. 'Yan Manchester ba ku iya komai ba sai kuka da jita, honestly.” Na ce miki garinmu ne ya fitar da ƙungiyar kiɗan rok da ta fi kowace a shekarun nan. Kika ce ko kusa, ta Birmingham ce, wadda babanki ya rene ki da faifanta. Muka yi ta yi har bas ɗina ya tafi ya bar ni. Iska tana wasa da gyalenki, idanunki suna walƙiya kamar hadarin farkon damina a Kagoro, ni kuwa ina ƙirƙiro hujjojin da ni kaina ban yarda da su ba, don dai kada ki yi shiru. Wa ya taɓa jin mutum ya kamu da so a tsakiyar musu? To, ni ne. Ke kika koya mini cewa a gidanku musu abinci ne, kuma ban san kwanon yara daban, na manya daban ba.

Ba zan rubuta sunan ƙungiyata a nan ba, tunda kin ce ko sunan ba kya son ji. Amma bari in faɗa miki yadda abin ya faru a falo, domin ke kina kicin, hayaniyar kawai kika ji.

Tun a mota Kawu Tomas ya ja mini kunne. Ya ce neman aure muka zo, shi ne bakina, ni nawa in zauna a ƙasa, in sunkuyar da kai, ko an ce mini rana daga yamma take fitowa in ce haka ne. Na yi duk wannan. Na zauna a kan kafet har ƙafata ta mutu. Kawu ya ajiye goro da lemo, ya fara zagaye-zagayen da aka saba, yana cewa mun ga wata 'yar kaza a gidan nan. Sai babanki, Baba Kambai, ya katse shi, ya nuno ni da sandarsa ya ce, “Kai ne ɗan Manchester? To faɗa mini, a duk masu kiɗan rok, su wa suka fi?”

Na san amsar da ake so. Kowane yaro da aka haifa tsakanin Zonkwa da Kafanchan ya san ta: yadda ka ce, Baba. Tana kan harshena. Amma ya tambaye ni da irin idon da kika tambaye ni da shi a bakin ruwa, idonku iri ɗaya ne ku biyun, sai kawai na ji bakina ya faɗi gaskiya.

Ya ce tasa ƙungiyar ce ta ƙirƙiro sautin tun daga tushe, daga ƙarar gudumar masana'antar da shi kansa ya yi wa aiki har gashinsa ya yi fari, sauran duk kwaikwayo suke yi. Na ce ƙirƙira daban, waƙa daban, kuma tawa ƙungiyar ce take da waƙar da direban bas da likita da mashayi za su rera tare, a biki ko a makabarta, ba wanda ya koya musu. Ya ce nawa mawaƙan ba su iya zama a ɗaki ɗaya ba tare da sun jefi juna da jita ba. Na ce nasa kuwa ko kalma ɗaya ba a ji, sai ka ce ana yanka akuya a cikin garwa. Wannan ta ƙarshen ce ta sa goggonki Rebecca ta rufe fuska da mayafi, Kawu Tomas ya shiga duban silin kamar yana neman inda yake yoyo. Baba ya tashi ba sanda, ya jawo akwatin faifansa. Shinkafar da kika wuni kina dafawa ta huce a kan tebur, ba a sa rana ba, ba a ma koma kan maganar kazar ba. A bakin ƙofa kika ce da ni, “Ka kunyata ni a gaban dangina. Just go.” Na tafi.

Ga abin da ba ki sani ba, ya zinariyata. Ranar Talatar da ta biyo baya, ina cin burodina a bayan laburare, waya ta yi ƙara. Babanki ne. Ko sallama bai yi ba ya ce, “Ɗan Manchester, ban gama da kai ba.” Tun daga nan yake kirana duk lokacin da kika tafi aiki asibiti. Yakan ɗora wayar a jikin lasifika ya sa ni in saurari gangar mutanensa har kunnena ya yi zafi, sannan ya ce in kare kaina. Shi ya gaya mini cewa tun da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu aka rufe zauren tsofaffi na Erdington, inda yake haɗuwa da abokan aikinsa na da su yi ta cacar baki a kan shayi, ba wanda ya sake ce masa a'a. Biyu sun rasu, ɗaya 'ya'yansa sun ɗauke shi. A coci Baba ne, a gida Baba ne, wurin likita ma lallaɓa shi ake yi. Ya ce, “Kowa to Baba, to Baba, kamar na riga na mutu. Even the GP.” Game da ke kuwa ya ce shi ya ba ni ke tun ranar, amma ke ba a bayar da ke, sai dai ki ba da kanki, kuma Allah ya ba ni sa'a.

Jiya Goggo Rebecca ta aiko mini da sharaɗinki: in dawo da Kawu, in durƙusa, in ce na yi rashin kunya, in kuma ce ƙungiyar Baba ce ta fi. Na fahimce ki. Ke kika rasa uwa kika riƙe gidan nan, ke kike jin abin da matan zumunta ke faɗa bayan sujada, kuma ba kya son a ce 'yar Kambai ta kwaso wanda bai san girman suruki ba. Durƙuso zan yi shi har gwiwata ta yi kanta. Ɗaga murya da maganar akuya, zan roƙi gafara a kansu da zuciya ɗaya. Na ƙarshen ne ya tsaya mini a wuya, kuma ba don ƙungiyar ba. Mawaƙan nan ba su san ina duniya ba, sun ma watse tuntuni.

Ina kewarki, Clara. Ina faɗa miki a fili, ba ado. Ina kewar yadda kike gyara mini kwalar riga kina zagina, da yadda kike cewa “anyway” idan hujja ta ƙare miki. Me zan yi da garin da ba ki cikinsa? Wa zan kaɗa wa jita ya ce mini ban iya ba?

Ranar Asabar za mu zo. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki shiga kicin. Ki tsaya a bakin ƙofar falo, inda za ki ga fuskar babanki lokacin da zai sake jefo mini tambayar, don na san zai jefo ta. Ki dube shi da kyau, sannan ki dube ni. Idan kika gyaɗa kai, zan sunkuya in ce yadda ka ce, Baba, kuma ba zan sake musa masa ba har abada, domin ke na zo nema, ba nasara ba. Za a sa rana, Goggo za ta yi guɗa, matan zumunta su ce yaron ya yi hankali. Shi kuma tsohon zai mayar da faifansa cikin akwati, ya ƙara samun mutum ɗaya mai ce masa to. In kin ga za ki iya kallon wannan, ki gyaɗa.

Naki a yau, naki ranar Asabar ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, naki har ranar da za a rera mini waƙar ƙarshe, ke kuma ki ce ba a zaɓi mai kyau ba,

Gamaliel