Saukar da Na Sa Aka Yi a Ƙafin Maiyaki

Tudun Wada,
Farkon damina.

Zuwa ga aminiyata Barakatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Iya? Yaya ruwa a Bebeji? Mu nan an samu na shuka, alhamdu lillahi.

Abin da ke cina ne ya sa na ɗauki biro. Kin san Abban Humaira yana aiki da ƙungiyar nan ta ƙasa da ƙasa mai raba wa manoman Doguwa iri. To, bana ruwa ya taɓa irin masarar a sito har ya yi fumfuna. Shugaban ofishinsu ya sa aka shanya, aka juye a sababbin buhuna. Mutumin naki kuwa kin san shi da kafiya. Ya ciko aljihu da irin, ya zuba a jiƙaƙƙen buhu bayan randata, abin da ya tsiro ɗai-ɗai ne kamar haƙoran tsohuwa. Ya yi wa shugaban magana, aka ce ya iya bakinsa. Sai ya kira babban ofishinsu na ƙasar waje, sashen da ke karɓar ƙorafi, inda suka yi alkawarin ba mai jin sunansa. Ni da abokin aikinsa Sha'aibu kaɗai ya gaya wa, ya kuma ja mini kunne.

Tun ranar abinci ba ya shiga mini. Ran kasuwar Ƙafin Maiyaki na biya wajen Malam Ɗayyabu, malaminmu na allo, na kai sadaka a yi mana sauka. Ya tambayi buƙata, don kin san ba a ɗaura niyya a kan duhu. Na zayyane masa komai. A ganina gaya wa malami ba tona asiri ba ne. Hankalina ya ɗan kwanta, amma ban gaya wa maigidan na je ba. Ke ma ki riƙe a cikinki.

Ki gaishe da Iya.

Taki,
Hasiya.

Tudun Wada,
Tsakiyar damina.

Barakatu 'yar uwa,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin Zayyad, zazzaɓin ya sake shi? Allah ya ƙara sauƙi.

An zo bincike, an kwashe irin nan kafin ya isa hannun manoma, an kawo mai kyau. Da labarin ya tsaya nan da na yi guɗa. Amma shugaban yana nan a kujerarsa, wai ba a gama bincike ba. Tuni ya karɓe babur ɗin aiki daga hannun Abban Humaira, ya tura shi Riruwai gadin siton da ba komai a ciki sai ɓeraye. Yanzu kuma an ce idan wa'adin aikinsa ya cika bayan kaka ba za a sabunta ba.

Maigidan ya tabbata shugaban ya san shi ne ya kai ƙarar, ya kuma ɗora wa Sha'aibu laifin tona shi. Mutumin da ya raɗa wa Humaira suna, yau ko sallamarsa ba ya amsawa. Rannan Sha'aibu ya kawo mana ɗanyar masara, aka bar shi tsaye a ƙofar gida har ya gaji ya ajiye ya tafi. Ni na dafa ta, na kasa ci.

Dalili kuwa, na koma Ƙafin Maiyaki, Saude matar Malam ta tare ni da murna, wai addu'a ta ci, ga shi an kwashe irin. A bakinta na ji yadda aka yi. Da aka shafa fatihar sauka, Malam ya ɗaga murya ya ambaci sunan maigidan da na mahaifinsa, ya roƙi Allah ya kare shi daga sharrin waɗanda ya kai ƙara a kan iri. Cikin alarammomin da suka ce amin har da Uba, direban shugaban. Ashe mahaddaci ne, duk Juma'a a zauren yake. Ban ce ya kai gulma da mugun nufi ba, mai tuƙa mutum yini guda dole ya yi hira.

Barakatu, ni ce. Na je nema wa maigidan tsari na buɗe masa ƙofar sharri. Kullum ina kallonsa yana zagin amininsa a kan laifina, ina zuba masa miya. Kunya da tsoro sun ɗaure mini baki. Ki ba ni shawara, amma kada ki yi mini faɗa, wanda nake yi wa kaina ya isa.

Taki cikin damuwa,
Hasiya.

Tudun Wada,
Kaka.

Aminiyata Barakatu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi muku barka da kaka. Saƙonki ya iso, faɗan da na hana ki ma ya iso, na gode.

Ba faɗanki ne ya buɗe bakina ba. Maigidan ya nemi kariya daga sashen ƙorafin, don dokarsu ta hana a yi wa mai fallasa ramuwar gayya. Sai shugaban ya rantse bai taɓa sanin wanda ya kai shi ƙara ba, saboda haka canjin wajen aiki ba ramuwa ba ce. Matar da ke riƙe da maganar ta ce sai an nuna ta inda ya sani, in ba haka ba hannunta a ɗaure yake. Maigidan ya rasa hujja, ga ta kuwa tana shara a tsakar gidansa.

Ran Asabar bayan la'asar na durƙusa na faɗa masa. Na shirya wa tsawa, har saki na shirya wa. Sai ya miƙe. Ya sa hularsa ya tari ɗan acaɓa sai gidan Sha'aibu. Matar Sha'aibu ta ce a zaure ya tsuguna yana neman gafara, su duka biyun suna share hawaye.

Na ba da shaida ta waya, da tafinta a tsakani. Sai da na yi wa baiwar Allah mai riƙe da maganar bayanin mece ce sauka, da abin da ya sa ake faɗin buƙata. Malam ma ya bayar, Uba kuma da aka tambaye shi ya ce mai Alƙur'ani a ka ba zai yi ƙarya ba. An dakatar da maganar sallamar har a yanke hukunci, an mayar masa da babur. Ki taya mu addu'a, amma a zuci, don Allah.

Ya ce ya yafe mini, na kuma yarda ya yafe. Yana cin tuwona, yana tsokanata kamar da. Sai dai a da, idan ya dawo, tun yana cire takalmi yake ba ni labarin ofis har in ce ya bari in kwashe tuwo. Yanzu idan wayarsa ta yi ƙara, sai ya dube ni, ya yi murmushi, ya fita zaure ya amsa.

Ki shafa mini kan yara, ki gaishe da Iya da kyau.

Taki har kullum,
Hasiya.