Daga Baƙin Allo Zuwa Fuskarki

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake fakewa tun gashina yana baƙi, ruwan farko bayan dogon rani, uwar 'ya'yana!

Na taɓa jin ana cewa kwamfuta kan yi baƙi ƙirin alhali lafiyarta lau, wai jira take a yi mata magana. Na ce zancen bakin shago ne. To, yau ga ni ina neman gafararsu, da taki.

Mako uku ke nan da kika tafi wajen autarmu da ta haihu, kullum a waya kina cewa na manta da ke, tunda na ƙi kiranki ta kwamfutarki mu ga juna. Ni in manta da ke? Ƙasa ta taɓa manta damina? Ga abin da na ɓoye: washegarin tafiyarki na kunna kwamfutar, sai baƙin allo da wani ɗan tsinke fari yana ƙyafta mini ido. Na ɗauka na kashe miki ita, ke da kika yi shekara talatin kina buga takardu a ofis ba ki taɓa ɓata ko ɗaya ba. Na lulluɓe ta da mayafinki, na zaɓi fushinki a kan dariyarki.

Kin tuna ranar da kika koya mini, hannunki a kan nawa? Wallahi ban ji ko kalma ɗaya ba. Hannun nake kallo.

Yau da hantsi ina goge tebur, sai ga takardar da kika rubuta mini matakan shiga kwamfutar a ƙarƙashin maɓallan rubutu. Na sa suna, ya fito. Na sa kalmar sirri, allo bai nuna komai ba! Na goge, na sake, har sau biyar, zufa na keto mini. Sai na juya bayan takardar, ga rubutunki: "Malam, ba za ka ga komai ba, haka take. Danna babban maɓallin, ka daina gardama."

Na danna. Na rubuta kalmar buɗe allo, startx, harafi-harafi yadda kika zana a takardar, na sake dannawa. Allo ya yi duhu, sannan, Allahu Akbar! Asuba ta keto a ɗakinmu da hantsi! Launuka, 'yan hotuna a jere, ƙaramar kibiya tana bin hannuna kamar ɗan akuya! Na yi ihun da ya sa tela maƙwabcinmu ya leƙo da almakashi a hannu. Kuma hoton wa kika shimfiɗa a bangon allon? Ni, ina barci a kujera, baki buɗe. Allah ya isa, farin watana. Amma ashe ni kike kallo kullum?

Ki huce, don Allah. Gobe bayan La'asar ki zauna kusa da waya, ki ɗora jikan a cinya. Zan sa sabuwar hula. Ba zan kashe kwamfutar ba sai na ga fuskarki, don ban tabbata zan iya maimaita wannan bajinta ba.

Naki har ƙasa ta rufe idona, tsohon da ya buga wannan da yatsa ɗaya,

Mijinki.