Ni Na Sa Wa Ɗorawar Aminina Aljana

Malam Edita, salamu alaikum, kai da masu karatu. A yi haƙuri da rubutun, bokona na yaƙi da jahilci ne, shi ma sai da malamin ya gaji da ni. Sunana a bar shi, kuma don Allah kada a zage ni sai an kai ƙarshe.

Sana'ata ɗaura amya a dajin Kuyello, ni da aminina, bari in ce masa Dogo. Tare aka yi mana kaciya, tare muka koyi cire zuma. Bara sai bayana ya ƙi. In na sunkuya lafiya lau, in na miƙe ko na ɗaga kai in duba amya, sai ka ce an soka mini basilla a ƙugu. An yi ƙaho, an yi tsaga, har Kaduna na je, Baturen likita ya latsa ya ce ƴan gaɓoɓin ƙashin bayan ne suka goge juna, tsufa ne. Tsufa? To Dogo da ya girme ni fa? Yana can yana ɗare itace kamar biri, mata a kasuwa sai "zumar Dogo, zumar Dogo", ni ko ina tafe a duƙe kamar wanda allurarsa ta faɗi. Ran da ya kawo mini saƙar zuma ya ce, "Lasa, tsohon banza, ka tuna da," wallahi ɗaci na ji.

Sai na ja shi gefe na ce, "Dogo, ba tsufa ba ne. Ɗorawar nan ta bakin rafi akwai mai ita, ita ta lanƙwasa ni." Amyoyinsa masu albarka duk a kanta suke. Ni dai so nake ya sauko mu zauna inuwa ɗaya.

Ai kuwa ya sauko. Yanzu kullum sai ya zo da man kaɗanya yana murza mini baya, yana cewa, "Ka ceci raina, ɗan'uwa." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga shi zance ya kai kunnen mai gari, ya ce Juma'ar nan a cinna wa ɗorawar wuta, da amyoyi da ƙudan zuma da komai, alhali da zumar nan Dogo yake ci da gidansa.

In na yi shiru, na ƙona abincin aminina. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan dube shi, ya koma sama ya bar ni ƙasa? Abin kunyar ma, har yanzu rabin zuciyata wutar take so. Jama'a, me zan yi?