Yadda Aka Raba Tafiyar Hajiya Mariyamu Gida Uku

Gidan Marigayi Malam Abdulwahab,
Ƙofar Kuyambana, Birnin Zariya.
Laraba, 23 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Taimakon Juna ta Tsofaffin Ma'aikata,
Ƙofar Kibo, Birnin Zariya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN KWAMITIN TAFIYE-TAFIYE NA WANNAN ƘUNGIYA

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, wannan takarda ta Hajiya Mariyamu ce, matar marigayi Malam Abdulwahab, wanda ya yi shekara ashirin yana cikin wannan ƙungiya. Ƙanenta Jumare ne ya rubuta da umarninta, domin ita tana Alƙahira, ba ta kuma yi boko ba.

1. Ranar Litinin, 2 ga Satumba, Hajiya ta kawo wa ƙungiya kuɗinta da fasfonta da biza a ciki. Buƙatarta ɗaya: a yankar mata tikiti ta isa wurin 'yarta Hidaya a Alƙahira kafin ta haihu. Haihuwar fari ce, mijin ɗalibi ne, kuma babu wata babba a kusa da za ta yi mata wankan jego. An tabbatar mata cewa akwai jirgi daga Kano kai tsaye, tafiyar da ba ta kai tsakanin azahar da isha'i ba. Sai aka miƙa maganar ga kwamiti.

2. Kwamitin na mutum uku ne, dukkansu dattawa masu mutunci. Alhaji Nasidi ya tsaya a kan araha, ya ce kuɗin marayu ne. Malam Sharfaddeen ya tsaya a kan jin daɗi, domin ya taɓa shiga jirgi sau ɗaya shekara talatin da suka wuce, har yau yana ba da labarin faɗin kujerar da naman kazar. Alhaji Bahago ya ce kusanci shi ne komai, filin jirgin Kaduna ga shi nan a bakin ƙofa, me za a je yi Kano? To, ranka ya daɗe, Alhaji Nasidi surukin Alhaji Bahago ne, Malam Sharfaddeen kuwa shi ya karantar da su biyun, kuma sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Wa zai kalli wa ya ce bai yarda ba? Sun zauna sau shida, kowane zama da shayi, kowane zama a tashi da addu'a.

3. Suna cikin zama na biyar, ranar Litinin 7 ga Oktoba, Hidaya ta haifi mace. Hajiya ta aika a gaya musu cewa jikar dai ba ta jira kwamiti ba, don Allah ko sunan a bar ta ta samu, ranar 14 ga wata.

4. Ranar Laraba 9 ga wata aka yanke hukunci, kuma a yi musu adalci, babu wanda ya ji kunya a cikinsu. An raba tafiyar uku, kowa aka ba shi nasa kaso. Saboda Alhaji Bahago za a tashi daga Kaduna. Sai dai jirgin Kaduna Legas ya nufa, wato Hajiya ta fara tafiya Masar ne da ba ta baya. Saboda Alhaji Nasidi, daga Legas aka saya mata tikitin wani kamfani mai rangwame da ke yada zango a ƙasashe biyu. Saboda Malam Sharfaddeen kuma aka biya kuɗin babbar kujera a zangon ƙarshe, mai minti hamsin.

5. Ranar Juma'a 11 ga wata Hajiya ta yi bankwana da unguwa gida-gida, aka yafi juna, aka raka ta har bakin mota. A Kaduna aka ce jirgi sai gobe. Ta dawo Ƙofar Kuyambana kafin magariba. Wallahi, ranka ya daɗe, sai da wasu mata biyu suka shigo yi mata sannu da zuwa suna tambayar ya mai jego da jaririya. Ba ta ci tuwo ba ranar.

6. Jinkirin nan ya sa ta rasa jirgin mai rangwamen a Legas, shi kuwa ba kullum yake tashi ba. Kuɗin canjin tikiti da na masauki, idan aka haɗa da na asali, sun zarce kuɗin jirgin Kano. Kamfanonin kuma ba su san juna ba, babu wanda ya gaya mata cewa ita za ta ɗauki kayanta da hannunta ta sake aunawa. A nan aka rabu da jakar jego: kanwa, garin kunu, yajin da ta yi kwana uku tana dakawa, daddawa, da zannuwan goyo. Har yau ana cewa ana bincike.

7. Ranar Litinin 14 ga Oktoba, ranar suna, Hajiya tana zaune kan kujerar ƙarfe a wani filin jirgi da har yanzu ba ta iya faɗin sunansa ba. Awa goma sha tara ta yi a can, ba ta jin yarensu, da hannu ta tambayi alƙibla. Wani ɗan kasuwa Bakano ne ya ji tausayinta ya kira mata mijin Hidaya. Ta wayarsa ta ji an raɗa wa yarinya suna Mariyamu. Takwararta ce, kuma ba ta gan ta ba sai ranar Talata.

8. Game da babbar kujera, Hajiya ta ce a shaida wa Malam Sharfaddeen cewa gaskiya ya faɗa, tana da faɗi ƙwarai. Kuka ta yi a kanta daga tashi har sauka, babu wanda ya matse ta.

9. Abin da ya sa aka gaggauta wannan takarda shi ne labarin da ya iso cewa kwamitin zai zauna jibi Juma'a kan dawowarta bayan arba'in, kuma an ji Alhaji Nasidi yana yabon farashin sauka a Fatakwal.

Saboda haka, cikin ladabi, ana roƙon mai girma Shugaba ya dakatar da zaman jibi, ya ba da umarni a yankar mata tikiti ɗaya, jirgi ɗaya, zuwa Kano. Ta ce kujera ko benci ne ta gode. Idan kuma Allah ya sa an ga jakar, ba sai an aika da ita ba, kwamiti ya raba ta uku tun da ya ƙware.

Ba ta nemi a hukunta kowa ba, abokan mijinta ne. Ta ce dai a rubuta wannan a ajiye a fayil: da ta isa, ta tarar Hidaya ta yi kwana takwas tana dafa ruwa a buta tana gasa jikinta da kanta, jaririya na kuka a gado. Da Hidaya ta ga uwarta ba ta yi ƙorafi ba, tambaya kawai ta yi ko hanya ce ta yi nisa. Hajiya ta ce a tambayar mata kwamiti.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Naka cikin biyayya,
Jumare Sadiƙu,
a madadin yayarsa, Hajiya Mariyamu Abdulwahab.