Kowa Ya Zo Gaisuwar Madugu, Ban Da Ku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban masu shirya wasan talabijin na "Ayarin Zara",

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara basira, ya kare ku daga sharrin baki.

Ranka ya daɗe, sunana Talatu. Malamar firamare ce ni a Karaye, aure ne ya kawo ni Unguwar Daura, amma cibiyata a Ruwan Bago aka binne ta, can ƙasar Rogo. Ni ce yayar Sabi'u, yaron da yake fitowa a matsayin Madugu, matuƙin jirgin nan da ya kwashi mutane da irin shuka zai kai su wata duniyar a cikin shirinku. A bayana ya girma, saboda haka ina da bakin magana a kansa. Dalilin rubutuna shi ne: mahaifiyarmu ta ce Sabi'u ya gama tsayawa gaban kyamara, ku kuma kun aiko masa ya koma aiki da zarar an gama cirar gyaɗa. Shi ba zai ɗaga ƙafa ba sai da yardarta, yardar kuwa yanzu a hannunka take. Na nemi ofishinku a waya ban samu mai saurarena ba, shi ya sa na fito fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ɗaya, bari in faɗa maka abin da ya faru, don na tabbata labarin da ya iso kunnenka an rage masa gishiri.

Ranar Asabar ɗin da kuka nuna rumbun iri na jirgin ya tsage, Madugu ya fita waje ya toshe shi, igiyar da ke ɗaure da shi ta tsinke, ya yi ta nisa har ya zama ɗigo, na kalla a gida tare da 'ya'yana. Mun yi hawaye, muka share, muka ci tuwo. Mun san wasa ne. To amma samarin da ke son shirin nan kamar ransu sai suka ɗauki hoton Sabi'u, ba ma na cikin kayan jirgi ba, wanda ya ɗauka ranar Sallah da hularsa, suka rubuta a ƙasa, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙan Madugu." Kafin gari ya waye hoton ya zagaye wayoyin Karaye da Rogo.

Ka sani, a wajenmu tun da shirin ya fara sunan Sabi'u ya ɓace. Mai shayi Madugu yake ce masa, Liman ma haka, har Inna in ta yi nishaɗi takan ce, "Madugu, zo ka ɗauke mini buhun nan." Saboda haka da safiyar Lahadi, da maƙwabciyarmu Laraba mai ƙuli-ƙuli ta ga hoton a wayar ɗanta, ba ta tsaya tambaya ba. Ta yafa mayafi ta faɗo gidanmu da salati. Inna tana tankaɗen gari a tsakar gida. Rariyar ce ta fara faɗuwa, sannan ita.

Kafin hantsi an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Kawunmu Haruna ya tambayi inda gawar take, wani yaro ya ce masa ai tana sama, igiya ce ta tsinke. Kawu ya ɗauka daga kan dogon ƙarfen sabis ɗin waya ya faɗo, ya fara neman motar da za ta je ɗauko shi. Samari suka yi ta rantsuwa cewa a fim ne, dattawa suka ce su rufe wa mutane baki, wane ɗan Musulmi ne zai rubuta Inna lillahi a kan mai rai? Ni dai har yau ban ga laifin dattawan nan ba. A iya saninsu ba a wasa da wannan kalma, kuma gaskiyarsu ne. Ni kaina da na kalli shirin da idona, ina kan babur daga Karaye ina kiran lambarsa ana ce mini a kashe take, sai da zuciyata ta fara raya mini ko dai wani abu ya same shi da gaske, abin ya zo daidai da na fim. Na isa gida ban san ko in yi wa mutane bayani ko in zauna in yi kuka tare da su ba.

Jama'a sun zo daga Kurugu, sun zo daga cikin Rogo, dangin babanmu sun baro gonakinsu a tsakiyar damina. Maƙwabta suka yi ta shigo da kwanukan abinci. Inna kuwa jininta ya hau, sai da aka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa.

Na biyu, ga inda laifinku yake. Kuna da ƙa'idar karɓe wayoyin 'yan wasa in ana ɗaukar shiri, don kada labari ya fita. Ban ƙi ba, kowace sana'a da sirrinta. Amma kun san ranar da za ku nuna mutuwar ɗan mutane, kuka bar shi babu waya, ba ku kuma tanadi wata lamba da iyali za su kira ba. Da ƙyar na samu lambar wani ma'aikacinku. Na gaya masa ana zaman makoki a gidanmu, uwarmu tana kwance. Dariya ya yi, ya ce, "Hajiya, ai wannan talla ce kyauta, ku yi haƙuri sai an tashi daga aiki." Ranka ya daɗe, na koyar da yara masu taurin kai shekara da shekaru ban taɓa jin ina son marin mutum kamar ranar ba. Ban ambaci sunansa ba, don ba so nake a kore shi ba. So nake a koya masa magana.

Sai bayan la'asar Sabi'u ya kira. Aka kara wa Inna wayar a kunne, ta ture. Ta ce mutanen da suka iya kai yaro sama su dawo da shi ƙasa a cikin akwatin talabijin, kwaikwayon murya ba zai gagare su ba. Washegari ya iso. Ta jawo ƙafarsa ta laluba tabon da fartanya ta yi masa yana ƙarami. Da ta ji shi a ƙarƙashin yatsanta, sai ta fashe da kukan da ya fi na jiya. Da ta natsu ta ce, "Ka gama. Ba zan yi makokinka sau biyu ba."

Tun ranar yake gida. Yana zuwa gona, yana dawowa, yana cin abinci kamar ana yi masa dole. Yaron da ya fara wasan kwaikwayo a dandalin makaranta da gemun auduga, ya sha dariyar mutane har Allah ya kai shi inda kuka gan shi, yanzu in an kunna shirin sai ya tashi ya fita. Bai yi mata musu ba, ba kuma zai yi ba. Ina tausayinsa ƙwarai.

Na uku, magana ce ga masoya shirin, tunda su ma za su karanta. 'Yan ƙannena, ku so Madugu yadda kuka ga dama, ku yi kuka, ku yi faɗa a gidan kallo kan ko Injiniya Rabi ta cikin jirgin ce ta yi sakaci da igiyar. Amma kalmar da ake sanar da mutuwa da ita ku bar ta ga matattu. In lallai sai kun yi ta'aziyya, ku sa hotonsa na cikin kayan jirgi, ku rubuta cewa a shiri ne. Kowane ɗan wasa da kuke gani yana da tsohuwa a wani ƙauye wadda ba ta da talabijin amma tana da maƙwabta.

Ba zan zalunce su ba, sun gyara. Samarin gidan kallon Ruwan Bago, har da wanda ya fara sa hoton, sun zo sun durƙusa a gaban Inna. Ta ce ta yafe, amma bakinsu ya yi laifi, sai hannunsu ya biya. Suka kira gayya suka yi mata maimai a gonar gyaɗa tun safe, suna noma suna gardamar ko mutum zai iya rayuwa a sararin samaniya in iskar tulun da yake shaƙa ba ta ƙare ba. Gonar ba ta taɓa yin kyau kamar bana ba.

Na huɗu, kada ka ɗauka maƙiyiyar shirinku ce ta rubuto. Kafin "Ayarin Zara" in na tambayi aji abin da suke son zama, amsar ba ta wuce soja da likita. Yanzu 'yan mata suna ce mini injiniya. Yara suna ƙera jirgin sama jannati da karan dawa, har da ɗan rumbu a gefe. An yi mako guda a majalisar ƙofar gidanmu ana muhawarar ina alƙibla take ga wanda ya baro duniya, har Liman ya ce a ba shi lokaci ya duba littattafai. Kun sa yaranmu sun ga mai irin harshensu da irin hularsu yana tuƙa jirgi a cikin taurari, yana lissafin damina a wata duniya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na so ya tsaya.

Na biyar, ga abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar rubutowa. Makon jiya na je gida da shirin a wayata. Ban yi zaton Inna za ta yarda ta kalla ba, sai ta ce a kunna, gani ya kori ji. Ta zaunar da Sabi'u kusa da ita, ta riƙe wuyan hannunsa tun daga farko har ƙarshe, kamar mai tsoron kada igiyar ta sake tsinkewa. Da aka zo inda kowa ya noƙe, Madugu ya ce shi zai fita don kada irin ya zube, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Ɗan manomi ne. Ubansa ma da haka zai yi." Na ga murmushi a fuskarta, ta yi sauri ta ɓoye.

Da aka gama ta kawo ƙorafi biyu. Na farko, ta ce abokan tafiyarsa ba su da tarbiyya: mutum ya ba da ransa dominsu, babu wanda ya ce a tsaya a yi masa ko da addu'a, sai latsa maɓallai suke yi. Wannan na bar wa marubutanku. Na biyun shi ne ya kawo ni. Ta ce, "Mutanen Kurugu sun zo, na Rogo sun zo, har wanda muka yi shekara ba ma magana ya zo. Waɗanda yaron ya mutu a hannunsu fa? Ko ɗan aike ban gani ba."

Ranka ya daɗe, ka san al'ada. In ka ɗauki ɗan mutane aiki wani abu ya same shi, kai ne farkon zuwa, kai za ka zauna a tabarma ka faɗi yadda aka yi. Inna ta san ɗanta yana raye, ga shi tana riƙe da hannunsa. Amma makokin da ta yi na gaske ne, faɗuwar da ta yi ta gaske ce. A wajenta, wanda bai zo lokacin da aka ce ya mutu ba, bai isa ya aiko a ba shi yaron yanzu da yake raye ba. Na tambaye ta, to in sun zo fa? Ta ce, "Su zo tukuna. Ai ba a barin mutum a rataye a sama. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo." Wanda ya san Inna ya san ƙofa ce ta buɗe.

Saboda haka ga roƙona. Ku tanadi lambar da iyalan 'yan wasa za su samu mutum a kowane lokaci. In za ku kashe wani a shiri, ku bari ya je ya raɗa wa uwarsa tukuna. Tsofaffinmu sun riƙe sirrin da ya fi wannan nauyi. Sannan babban roƙon: ka tako da ƙafarka zuwa Ruwan Bago kafin a gama cirar gyaɗa. Ba kuɗi muke nema ba, kada ka turo direba da buhun shinkafa, za ta mayar. Ka zo da goro kaɗan, ka cire takalmi, ka ce mata, "Inna, yaya haƙuri? Mu ne muka yi kuskure." Zumunta a ƙafa take.

Na san wasu za su ce na tona asirin shiri, tunda na faɗi cewa kuna neman Sabi'u ya koma. Ni ban san ko Madugu zai dawo ba ne ko tuna baya za a yi da shi. Na yi wa yaron alkawarin dambun zogale in zai faɗa mini, ya cinye dambun ya ƙi magana. Kun samu mai riƙon amana, kada ku yi asararsa.

Allah ya ɗaukaka aikinku, ya ba ku lada kan abin da kuka shuka a zukatan yaranmu, ya sa ayarin nan ya sauka lafiya. Allah ya raba ka da jin irin labarin da Inna ta ji a kan naka 'ya'yan.

Duk tabarmin da aka aro ranar nan an mayar wa masu su, saura guda ɗaya, sabuwa, tamu ta gida. Inna ta hana a naɗe ta. Tana nan shimfiɗe a zaure, kullum da safe sai ta sa an kakkaɓe ta. Ta ce akwai sauran baƙo.

Wassalam.

Taka mai fatan alheri,
Talatu, yayar Madugu,
Unguwar Daura, Karaye.